Igiyar da Na Wanke

Silverton, Talata, 9 ga Agusta

Zuwa ga Yayata Crisanta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abundio da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Maigidana Nicanor yana nan da tarin da ya kwaso a ramin haƙar azurfa, amma yana cin abinci. Ki yi haƙuri da rubutun.

Yaya, na yi ɓarna. Kin san aikin 'yarmu Ofelia, bin baƙar tsattsewar nan da ke yin sheƙa a bayan ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, a kan gansakuka, inda ko akuya ba ta iya takawa. Sai Ofelia ta ɗaura igiya a ƙugu, ta sauka cikin feshin ruwa, ta sa wa ɗan tsakon zoben shaida a ƙafa. Ranar Asabar na ga igiyar ta yi kore da gansakuka, tana wari. Na jiƙa ta cikin bilic, ruwan nan mai sa kaya su yi fari, yadda nake yi wa zannuwan gado a otal, na shanya, na naɗe mata. Lahadi suka hau dutse, ita da abokiyar aikinta.

Yau wajen cin abincin rana nake yi wa Nicanor gori, na ce shi bai taɓa wanke ko safarsa ba, ni kuwa har igiyar 'yarsa na wanke da bilic. Sai ya ajiye cokali. Ya ce a rami duk igiyar da irin wannan ruwa ya taɓa, gunduwa-gunduwa suke yi da ita, don yana cinye ta ta ciki, ido ba ya gani sai ta ɗauki nauyin mutum.

Waya ba ta kamawa a can. Ruwan sama ya cinye hanya, masu tsaron daji sun ce sai Jumma'a mota za ta wuce. Ofelia kuwa Alhamis za ta sauka wa sheƙar. Nicanor ya sa takalmi, amma bai kai bakin shinge ba numfashi ya tsayar da shi. Don haka ni zan tafi gobe da sassafe, da alfadarin maƙwabci da sabuwar igiya. Ya ce tsohuwar da ke jin jiri a kan kujera ina ita ina dutse. Na ce ya ja bakinsa.

Ga abin da ban gaya masa ba. Da Ofelia za ta fita ta ga igiyar fes, ta tambaye ni da me na wanke ta. Sau nawa tana hana ni taɓa kayanta. Na ji tsoron faɗanta, na ce ruwa zalla. Ta yarda, Yaya. Yarinyar da ta kama hannuna ta koya mini rubutun nan, ta sumbaci goshina ta saɓa igiyar a kafaɗa.

Ki gaida Abundio da Remedios da Inna Tomasa. Ki kunna kyandir a coci, kada ki bari ya mutu sai kin ji daga gare ni. Tsattsewar ƙwai ɗaya gare ta, ni ma Ofelia kaɗai gare ni.

Ƙanwarki,
Eufemia