Gahawar da Suka Tofar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina tsaye a kicin ina yanka lemo ƙamshin ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, sai wuƙar ta tsaya a hannuna. Ƙamshin gahawar marigayi ne, Yaya, mai ɗan ƙauri-ƙaurin nan da babu mai soya irinta sai shi. Na ɗaga kai na dubi saman kabad, inda gwangwaninsa yake zaune tun rasuwarsa. Wayam, sai shatin gindinsa a kan katako. A nan na gane abin da ɗanki, ɗan farin nan nawa, ya yi mini.

Ki yafe ni, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya raba ki da hawa benen nan. Mu nan jiki lafiya lau. Auta ta dawo hutu, ta yi ƙiba abinta. Zuciyata ce take tafasa, kuma ba ni da wanda zan juye wa sai ke.

Kin san marigayi da gahawarsa. Tun yana tuƙin babbar mota ya koyo shanta. Yakan zauna a bayan gida da kaskon nan mai karyayyen mariƙi yana juya ƙwayoyin, ko sallama aka yi ba ya amsawa sai sun yi. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, nakan ce masa baƙin man motarsa yake sha, shi kuma ya ce bakina na yara ne. Suyarsa ta ƙarshe a satin da ciwon ya kwantar da shi ya yi ta. Ya zuba a tsohon gwangwanin madara, ya ce a ajiye masa sai ya tashi. Bai tashi ba. Tun daga nan kullum da safe nakan buɗe murfin, in shaƙa, in rufe. Duk gidan nan an san da haka, har mai kawo mana ruwa ya sani.

To, da hutun ƙarshen shekara ya zo, sai ɗanki ya roƙe ni aron falo, wai abokan aikinsa za su taru su yi ɗanɗanon gahawa, nasa ɗakin ya yi kaɗan. Har murna na yi, na ce gidan ya ji muryar mutane. Na wanke labule, na fito da farantan da nake ɓoyo. Suka zo kowa da ƙunshinsa, har da ɗan sikeli kamar masu sayar da zinariya. Tsarinsu shi ne a zuba kowace gahawa a ƙananan kofuna masu kama ɗaya, a yi alama a ƙarƙashi, don kada a san ta wane ce sai an gama. Sai su ɗiba da cokali, su zuƙa da ƙara, fuuu, irin zuƙar da muke dukan yara a kanta, su juya a baki, sannan su tofar a wani kofi. Ba sha suke yi ba, Yaya. Tofarwa suke yi.

Da na iso bakin ƙofar falo a kan ta marigayi suke. Wani mai tabarau ya tofar, ya ce wannan ɗanɗanon tsohon buhu ne da ita. Wata mai dogayen farata ta ce wanda ya soya ta barci ya kwashe shi a gaban wuta. Aka yi dariya. Sai ɗanki ya ɗiba, ya zuƙa, ya yamutsa fuska, ya tofar, ya ce wannan ko a tashar mota ba za ta sayu ba. Shi da ya tashi cikin hayaƙinta, shi da uban yake ɗora wa a cinya yana ba shi cokalin juyawa! Ni da ban taɓa sha ba na gane ta daga kicin, shi tana cikin bakinsa bai gane ta ba. Sai da suka ɗaga kofin suka duba alamar na ga fuskarsa ta faɗi.

Ban yi ihu ba, kin san ba halina ba ne. Na shiga, na ɗauki gwangwanin a ƙarƙashin tebur, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Na ce musu mai wannan gahawa ya rasu, ba zai ji ra'ayinsu ba, amma matarsa ta ji, kuma ƙofa tana inda suka bar ta. Mai tabarau har takalminsa ya saka a karkace.

Daga baya ya tsaya a bayan ƙofar ɗakina yana bayani. Wai so ya yi su san irin hannun babansa, ya tabbata ita za ta zo ta ɗaya. Wai gahawa in ta daɗe a ajiye ƙamshinta guduwa yake yi. A wajena bai gudu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce bai tambaye ni ba don ya san zan hana. Ya san zan hana, Yaya, ya hau kujera ya sauke. Na san zai kira ki don ki sa baki, ke kuma ba kya son laifinsa. Kada ki ce in yi haƙuri. Haƙuri nake yi tun ranar da aka fita da mijina, kuma ba don a tofar mini da shi a falona nake yi ba.

Washegari ina wanke-wanke na jawo ɗan aljihun injin niƙan hannu da suka niƙa gahawar da shi, sai ga gari ya maƙale a kusurwa, bai fi na kofi ɗaya ba. Na kankare da tsinken ashana na mayar cikin gwangwanin. Wannan ba za a tofar ba. Ni zan shanye ta, ko da ɗacinta zai tsaga mini harshe.

Ki gaida maigidan, da Goggo in kin je, da 'Yar Baƙa da jaririnta, da Dogo, ki ce na ga saƙonsa. Auta tana gaishe ku.

Sai dai ni ban iya dafa ta ba. Mutum ɗaya marigayi ya koya wa, ɗan nan naki, kullum kuma yana zuwa ya gaishe ni ta bayan ƙofa. Har yau ban buɗe masa ba.

Taki,
Ƙanwarki