Kiɗan Bankwana

Litinin, 3 ga Maris

Wata sabuwa ta shigo wikinmu, shafin intanet ɗin da kowa ke iya rubutu da gyara a ciki, tana kiran kanta Malamar Kiɗa. Kwananta huɗu, ta taɓa maƙala goma sha ɗaya. Ni na kafa shafin nan shekara tara da suka wuce, da waya mai fasasshen gilashi, a kan bencin shagon waldata. Wasan kwamfuta ɗaya tal muke rubutu a kansa, tsohon nan na masunci mai bin kogi yana neman kwalekwalensa. Kiɗa arba'in da biyu ne a ciki, wasan bai ba ko ɗaya suna ba. Ni na raɗa musu, ni na bayyana kowanne. Ban wuce sakandare ba, amma masu digiri "Baba Mai Shafi" suke ce mini.

Alhamis, 6 ga Maris

Ashe da shirinta ta zo. Kamfanin wasan ya fitar da jerin sunayen kiɗan na asali, ta liƙa shi a dandalin tattaunawa. Ta kuma jawo doka ta uku: idan sunan asali ya bayyana, shi za a sa wa maƙala. Ni na rubuta dokar nan da hannuna, lokacin babu wani jeri a duniya, don kawai mu yi kama da manyan shafuka.

Arba'in da ɗaya na bar mata. Ta canja, ruwanta. Amma na mataki na shida, wanda na sa wa Kiɗan Bankwana, wai sunansa Safiyar Kasuwa. Kasuwa! Na ce wannan ba mai taɓa shi.

Asabar, 8 ga Maris

Na yanke sandunan taga biyu ba daidai ba. Rabona da irin wannan tun ina koyo.

Maman yara ta ce, "Maigida, kai da ƙarfe ke lanƙwasa maka, yarinyar da ba ka taɓa gani ba ta hana ka cin abinci?" Na ce ba ruwanki da harkar ilimi. Ta kwashe kwanonin tana dariya.

Ba ta san ba ni na raɗa sunan ba. Auta ne, ƙanena, Allah ya jiƙansa. Wata takwas ɗin da ya yi a kwance, wasan nan ne abokin hirarsa. In ya kai mataki na shida sai ya tsayar da masuncin a kan gada, ya ajiye madannin a ƙirji, ya bar kiɗan yana ta zagayowa. In ce, "Kai malalaci, ka tsallaka mana." Ya ce, "Yaya, bari. Wannan kiɗan bankwana ne." Bai taɓa tsallake gadar ba.

Talata, 11 ga Maris

Yanzu bayanin kiɗan ma Malamar Kiɗa ta taso wa. Na rubuta cewa kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, sarewa na jan rai kamar mai barin gida yana waiwaye. Ta ce, "Baba, da girmamawa, anya kiɗa ɗaya muke saurare? Wannan fa na rawa ne." Na ce ina jin sa tun kafin ki iya ɗaura ɗankwali. Ta ce in turo mata nawa ta ji.

An sa ƙuri'a ranar Lahadi. Direba, tsohon abokina a shafin, ya kira ni: "Oga, makulli na hannunka. Kulle maƙalar kawai, wa zai ce uffan?" Gaskiya ne, dannawa ɗaya ce.

Laraba, 12 ga Maris

Na sauko da na'urar wasan daga saman kwaba da hantsi. Ƙura, da sitikar ƙwallon da Auta ya manna a gefe. Sai da na hura kaset ɗin sau uku ya kama. Minti arba'in kafin in kai gadar, yatsuna sun tsufa.

Kiɗan na nan yadda na san shi. A hankali, mai nauyi. Na naɗa a waya na tura mata, na rubuta, "Ga rawar taki." Sannan na zauna a bakin gado har aka kira azahar, masuncin na tsaye.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta amsa. Doguwar amsa, babu izgili ko kaɗan, da ma da shi. Ta ce na'urata ba ta asali ba ce, kwaikwayo ce, kuma irinta na jan wasan gabaɗaya, hoto da sauti, ya yi ƙasa da saurinsa. Ta turo na asalin.

Na saurara a shago, na rufe ƙofa. Shi ne, ba wani ba. Sarewar nan ce, amma tana tsalle. Har da 'yar ganga a ƙasa wadda ni a kunnena bugun zuciya ce.

Da gumina na farko na sayi na'urar nan. Na shigo da ita gida a kafaɗa, na ce wa Auta, "Ta asali ce, yayanka ba ya sayen jabu." Ashe wata takwas yana bankwana da kiɗan da aka yi don masu kasa kaya da safe. Ni kuma shekara tara ina koya wa jama'a kuskure, har ina goge gyaran mutane biyu da suka faɗa kafin ita. Na duba tarihin maƙalar, suna nan. Ɗayan na ce masa ya je ya wanke kunnensa. Bai sake dawowa ba.

Asabar, 15 ga Maris

Ban buɗe shafin ba. Makullin na nan.

Lahadi, 16 ga Maris

Ba a yi ƙuri'ar ba. Da safe na canja sunan da kaina, doka doka ce, ni na rubuta ta. Ba don ita ba.

A wurin da ake rubuta dalilin gyara na so in sa "doka ta uku" kawai, sai hannuna ya zarce, na ba da labarin gadar. Layi biyu. Na so in goge, ba a goge wannan wurin.

Direba ya ce na ba shi kunya. To.

Alhamis, 20 ga Maris

Na leƙa, don in ga ɓarnar da ta yi. Ta gyara bayanin, ba laifi, ta iya. A ƙasa ta buɗe sabon sashe kan yadda kiɗan ke fita a na'urorin kwaikwayo, ta ɗora naɗin da na tura, ta bar jimlata ta sarewa yadda take. Wanda ya rubuta Kiɗan Bankwana a wurin nema, shafin zai kai shi can. Mutum shida sun sa hannu a ƙasa, wai su ma mai jan ran suka sani, sun zaci su kaɗai ne. Ta ce in duba ko da gyara. Na gyara mata waƙafi ɗaya.

Maman yara ta kawo mini abinci shago ta tarar na kunna mai saurin. Ta ce gudumata na bin gangar. Ƙarya take yi.

Na'urar ba ta koma saman kwaba ba. Jiya na tsallake gadar. Ashe kwalekwalen na nan ɗaure a ɗaya gefen, taku goma.