Tukwanen Furannina Sun Hana Baba Shan Ruwa

Anti, don Allah ki taimake ni, hankalina a tashe yake.

Ni mai ɗinki ce. Gidanmu ba tsakar gida, ba inda zan shuka ko tsinke, sai na fara ajiye tukunyar fure ɗaya a tagar banɗaki. Yau sun kai goma sha ɗaya, wasu a ƙasa, wasu a rataye. Maigidana har tsokanata yake yi, wai sai ya nemi adda kafin ya shiga wanka. In ɗinki ya sa kaina ya ɗau zafi, can nake shiga in huce.

Wata uku ke nan mahaifina ya dawo wurinmu. Idanunsa sun tafi, da lalube yake tafiya, amma cikin mako guda ya haddace gidan tsaf. Ni kuwa, da yake tagar ƙarama ce, hasken ba ya isar furannin duka, sai nake sauya wa tukwanen wuri duk Asabar. Wallahi ban taɓa kawowa a raina hanyar Baba nake canzawa ba.

Ranar Talata ina kan keken ɗinki na ji ƙara daga banɗaki. Na tarar da shi a ƙasa, tukunya a fashe, kansa kaɗan ya rage ya bugi bakin masai. Shi kuwa haƙuri ya yi ta ba ni, wai ya ɓata mini fure.

Tun ranar ya rage shan ruwa. Kofin da na ajiye masa da safe, a cike nake ɗaukewa da yamma. Leɓɓansa sun bushe, jiya har jiri ya ɗebe shi. Na gane shiga banɗakin yake gudu. Na ce zan kwashe tukwanen, ya hana, wai ba za a tayar da gida saboda shi ba. Ina tsoron in saɓa masa, ina tsoron in rasa shi. Yaya zan yi?

Mai ɗinki cikin fargaba

Amsa:

Ƙanwata, ki nutsu. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki kai Baba asibiti. Ƙarancin ruwa a jikin dattijo ba abin wasa ba ne, kuma ki gaya wa likita ya faɗi.

Son furanni ba laifi ba ne, kuskurenki ɗaya ne: wanda ba ya gani, da abin da ya haddace yake tafiya. Shi ma Baba ba taurin kai yake yi ba, kara ce irin ta iyaye a gidan 'ya'yansu. Don haka kada ki sake neman izininsa, in kin tambaya sau goma, sau goma zai ce a'a.

Duk tukunyar da ke ƙasa ko a rataye ta koma falo, nesa da hanya. Ki bar biyu a kan taga, kada su sake motsi. A kafa ƙarfen da zai riƙa dafawa a bango, a shimfiɗa abin hana santsi. Sannan maigidanki ya riƙe hannunsa su zaga banɗakin tare, ya shafa ko'ina da kansa, don da namiji zai fi sakin jiki.

Fure in ya bushe ana dasa wani, uba kuwa ɗaya gare ki. Allah ya ba Baba lafiya, ya yi miki albarka.