Shinkafar Noboru

Yaya Kazuyo,

Gaisuwa mai yawa daga Lima. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan. Yaya gwiwar taki? An fara girbi a Yamagata?

Ni lafiya lau, aikin kicin yana tafiya. Kafaɗa ce kawai ta riƙe, barci kuma ya yi ƙaranci, shi ya sa na je asibiti.

Likitan ya tambaye ni game da rasuwar mijina. Na ce Noboru ya shekara biyu, kuma kullum da safe ina ajiye masa shinkafa da shayi gaban hotonsa, in ba shi labarin gida. Ya ce, "Baiwar Allah, har yanzu kina magana da shi? Ai wannan ciwo ne, baƙin cikin ya wuce ƙa'ida." Na ce, "Likita, in haka ne, sai a kwantar da garinmu kaf." Bai yi dariya ba.

Da na koma watan jiya, na gaya masa na daina. Nakan tsaya gaban hoton da kwano a hannu, in rasa abin cewa, in mayar da shinkafar tukunya. Ya yi murna, ya ce na samu sauƙi.

In kin je share kabari, ki gaishe shi, ki ce aiki ne ya yi mini yawa. Turaren wuta kuma kada ki aiko bana. Na bara yana nan, ban buɗe ba.

Ƙanwarki,
Sumie