An Cire Iya Daga Tarihin Babanmu

Anti Badiyya, don Allah ki taimake ni, zargi na neman ya raba ni da yayana.

Mahaifinmu marigayi mawaƙi ne sananne a nan Agege. Ba zan faɗi sunansa na waƙa ba, amma a gida Talle ake ce masa, don mahaifiyarsa ta rasu yana jariri. Maƙwabciyarsu Bayarabiya, wadda muke kira Iya, ita ta shayar da shi tare da ɗanta. Gidan su Iya gidan makaɗa ne, a can ya fara riƙe kalangu. Tana nan da ranta a Abule Egba, ta tsufa tukuf, ba ta gani sosai, amma da an sa waƙarsa sai ta fara kaɗa kai tana hawaye.

To, bara wani marubuci, Malam Abdulmuhaimin, ya zo daga Arewa zai rubuta tarihin Baba, har yanzu yana nan. Yaya Harisu ya sauke shi, shi ke zaɓar masa waɗanda zai gani, kuma duk hirar da za a yi yana zaune a gefe kamar ɗan sanda. Mu mata ko sallama ba a yi da mu ba. Rannan aka karanta mana babin farko. Wai Baba a ƙauyen kakanninmu ya taso, a can ya gaji kiɗa! Mutumin da bai taka ƙauyen nan ba sai da ya yi gemu. Iya kuwa ko sunanta babu.

Ni dai jikina ya ba ni haɗa baki suka yi. Yaya yana neman sarauta a unguwa, kuma na san yana jin kunyar a ce nonon Bayarabiya ubansa ya sha. Sai dai kuma Baban da kansa, idan ana hira da shi a rediyo, ƙauyen yake ambata, abin da ke ɗaure mini kai ke nan. Jikokin Iya suna ta murna, sun ce su za su karanta mata littafin idan ya fito. Da wane ido zan dube ta? In tona wa Yaya da marubucin asiri ranar ƙaddamar da littafin ne?

'Yar Marigayi, Agege

Ƙanwata, ajiye maganar tonon asiri tukuna. Babi ɗaya kika ji, kuma littafin bai fito ba.

Zarginki a kan yayanki yana da makama, don wanda ke tsare ƙofa haka da wuya a ce ba ya ɓoye wani abu. Marubucin kuwa ban yarda kin kama shi da laifin haɗa baki ba. Baƙo ne, abin da aka ba shi ya rubuta, ga muryar mahaifinku a rediyo tana mara masa baya. Laifinsa sakaci: ya ji ana cewa Talle, bai tambayi wa ya raini marayan ba.

Ki fara samun yayanki cikin ladabi, ki gaya masa za ki yi magana da baƙon, kada ya ji a bakin wani. Sannan ki nemi Malam Abdulmuhaimin, ban da zagi, ban da zancen sarauta. Kada ma ki ce ya yarda da ke. Ki saka shi a mota ki kai shi Abule Egba, ki yi masa tafinta, ya ji daga bakin Iya. Ya kawo abin da Baba ya faɗa, ya kawo nata, masu karatu su auna. In ya ƙi zuwa, to zarginki ya tabbata, sai ki ɗauki muryarta a waya ki adana.

Amma ki yi wannan tafiya a makon nan. Littafi ana sake buga shi, Iya kuwa kin ce ta tsufa tukuf. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba ta lafiyar jin sunanta a ciki.

Anti Badiyya