Na Goge Gilasan Mijina Har Aikinsa Ya Tsaya

Anti Marijke, don Allah ki fitar da ni daga wannan, tsabtata ta ja mini.

Mijina Wiebe shekara talatin yana aikin tace ruwa. Da ya yi ritaya sai ya zama kujera a falo. Bana ya farfaɗo: ya jera gilasai a bayan gida, ya shafe su da wata farar hoda, wai in rana ta haska ta, sai ta cinye maganin feshin da ke gangarowa daga gonakin fure zuwa magudanar ƙauyenmu. Kuma ta yi! Don gwaji, ya zuba shuni a ruwan da ke kan gilasan, kafin mu gama shan kofinmu na rana ruwan ya washe garau. Mutumin nan har rawa ya taka da ni a kan ciyawa, da takalmansa na katako. Rabona da dariya irin wannan tun auren 'yarmu.

To, ranar Juma'a nake wanke tagogi, kamar kowace mace a layinmu. Ya tafi kasuwa a keke, na ga gilasansa sun yi fari-fari, maƙwabta na kallo. Na ɗauko soson waya na goge su tas. Yanzu ruwan ya ƙi washewa, yana ta zargin gajimare da lissafinsa. Asabar manoman fure za su zo gani, shi kuwa yana shirin cewa su fasa. In faɗa masa?

Mai Soso, daga lardin Friesland

'Yar'uwa, na yi dariya, ki yafe ni. Faɗa masa yau, ba gobe ba.

Zai ji haushi, kuma yana da gaskiya, aikinsa kika kankare. Amma shi ma da laifinsa: wanda ya ajiye gilashi mai dusu-dusu a gidan 'yar Friesland bai yi mata bayani ba, ya nema.

Ki duba abin da kika gano. Da hoda ruwa ya washe, babu hoda ya ƙi, rana kuwa ita ce dai. Masana da gangan suke yin wannan gwajin. Yanzu yana zaton kansa ne ya tsufa, ke kaɗai kika san ba haka ba ne, kada ki bar shi da wannan zaton.

Ku sake shafawa tare, ku bar gilashi ɗaya a goge, manoman su ga bambanci da idonsu. In sun tambayi wa ya kawo dabarar, ki ɗaga hannu.

Allah ya ba ku rana ranar Asabar.