Turancin Inna Talatu

Bunkure, ranar Lahadi

Yaya Safwan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti matarka, da 'yata Aziza. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, an sako ruwa a kanal, albasa ta yi kyau.

Na ba Mika'ilu direban motar tumatir wannan takarda ne domin maganar ba ta waya ba ce, ka san kunnen Inna, ba abin da ke wuce shi. Ka tuna ranar da ka miƙa wa Aziza waya ta gaishe ta? Yarinya tana ta zuba Turanci, Inna tana ta "to, to, Allah ya yi albarka." Da aka kashe wayar ta ce, "Jikata ta fari, amma sai da tafinta."

Ka san yadda nake koyar da Turanci a makarantarmu. Ba na barin yara da allo kaɗai, wasan kwaikwayo nake sa su, wannan likita, wancan mara lafiya. Ran nan 'yan matan ajina suka zo gida yin gwaji, Inna tana tankaɗe tana kallonsu. Suna fita ta ce, "Ke, zama yarinyar nan mana in gwada."

Yanzu kullum bayan la'asar nakan rataya jaka, in shigo daga zaure ina ƙanƙance murya. Ranar farko dariya ta hana ta cewa komai. Jiya kuwa ta tare ni, ta tambayi hanya, ta ce in zauna, duka da Turanci.

Ka faɗa min halin Aziza don in kwaikwaye ta daidai. Kuma don Allah hutun nan kada a sake ɗaga zuwanku.

Ƙanwarka,
Rumaisa

Fatakwal

Malama Rumaisa,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na gode. Ki gaida Inna da kyau, ki ce ina neman addu'a.

Gaskiya har na yi niyyar sake ɗaga tafiyar. Aziza ta ce ba za ta je inda ba mai jin maganarta ba. Aiki ya sa ban zauna na koya mata Hausa ba, uwarta kuma Hausarta ta cefane ce.

Halinta: tambaya ba ta ƙare mata, ba ta cin yaji, tana tsoron akuya ƙwarai.

Na karanta wa Antinki wasiƙar, ta ce mu ma mu gwada. Ita ta fara zama Inna, abin bai yiwu ba. A ƙarshe ni aka yafa wa mayafi, da gemuna, na zauna a tabarma ina "Maraba da ƙawata." Kada wannan magana ta wuce ke.

Muna tafe in sha Allah. Zan kwana biyu in koma bakin aiki, in bar ta wurinku idan ta yarda.

Yayanki,
Safwan

Bunkure, ranar kasuwa

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ka isa lafiya. Na ga fuskarka da za ka shiga mota, shi ya sa nake hanzarta rubuto maka.

Ka ga yadda aka yi ranar da kuka sauka: Inna ta manta komai, Aziza ta maƙale a bayanka. Bayan tafiyarka ma haka suka wuni, kowa na satar kallon kowa. Na ce a raina wahalarmu ta tashi a banza.

Washegari ina shirin makaranta, akuyar maƙwabta ta faɗo tsakar gida. Aziza ta ƙwalla ƙara, ta yi kan Inna a guje ta faɗa jikinta tana cewa, "Kaka, akuya!" Inna ta kori akuyar da muciya, ta riƙe yarinyar, ta ce mata da Turanci kada ta ji tsoro. Wannan jimlar mun maimaita ta a gwajinmu har na gaji, ni ina ihun ƙarya. Sai ga ranarta.

Da na dawo na tarar ba sa gida. Can na same su a bakin kanal kusa da gonar albasa, ƙafafunsu cikin ruwa. Aziza na nuna abu Inna na faɗin sunansa, in Inna ta karya Turanci ita kuma ta gyara mata. Na zo zan sa baki, Inna ta ce, "Malama, je ki huta, an sallame ki."

Miya yanzu ba yaji a gidan nan, mu duka muna haƙuri. Ga 'yar takarda daga Aziza, ba wanda ya gyara mata.

Ki gaida Anti, na ce. Au, ka gaida Anti. Koyarwa ta fara rikita ni.

Rumaisa

Baba,

Ina wuni. Ina lafiya. Na ci tuwo da hannu.

Kaka ta ce kar ka zo yanzu. Ni ma na ce.

Sai an jima,
Aziza